Takalmin Auta a Kan Koren Ruwa

Kafin su dawo daga tafiya, tafkin wankan gidan ya koma kore shar. Gansakuka ta cinye shi, ko matakala ta biyu ba a gani. Matar gidan ta yi ta cewa a kira mai gyara har bakinta ya gaji. Shi kuwa maigidan, da yake babu abin da bai iya ba, ya ce ai maganar kulorin ce kawai, maganin tsabtace ruwa. Ya tsoma takardar gwaji, ta fito fara fat, wato babu ko ɗigon magani a ruwan. Ya dama garin kulorin a bokiti, ya bi gefe-gefe yana kwarawa, ya kunna injin tacewa, ya koma ciki wanke hannu.

Yana goge hannu matarsa ta leƙo daga kicin. "Ina Auta? Na ɗauka tana wajenka."

Auta ko shekara huɗu ba ta cika ba. Nan take ya tuna yadda ya fito daga shingen tafkin: bokiti a hannu ɗaya, burushi a ɗayan, da ƙafa ya tura ƙofar. Bai sa sakata ba.

Bai san yadda aka yi ya isa wurin ba. Ƙofa a wangale. Ɗan jan takalminta na roba yana yawo a kan ruwa, injin na jansa a hankali. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Da ruwan garau yake, kallo ɗaya ya isa. Wannan kuwa ko hannunka ka tsoma, ba ka ƙara ganinsa.

Ya faɗa ciki da kayan jikinsa. Ya buɗe ido a ƙasa, maganin da ya zuba da hannunsa ya shige masa ido kamar barkono, bai ga komai ba sai kore. Ya dinga lalube, santsi na kwashe masa tafin hannu. Yatsunsa suka taɓa wani abu mai laushi. Ya fizgo, ashe tsohon tawul ne. Ya taso ya shaƙi iska, ya sake nutsewa, yana roƙon Allah da duk abin da ya zo bakinsa.

Da ya ɗago ya ji muryar matarsa. "Baban Auta, fito. Ga ta, a bayan ƙofar banɗaki na same ta."

Ya rarrafo waje yana tari, idanu jajur. Matar ba ta yi faɗa ba. Ya rungume yarinyar, sai ya ji rigarta sharkaf, har gashin kanta, tana warin kulorin.

"Baba, ruwanka ba daɗi," in ji Auta. "Na sha da yawa kafin na kama ƙarfen matakala."