Na'urar da ke Ƙarƙashin Teburin Mudathir

Sanda ta biyu ce ta fasa wa Mudathir goshi. Madam Furera ta fito daga gida a guje, ko allin lakwal, makarantar da take koyarwa, ba ta wanke daga yatsunta ba. Ta tarar an jawo maƙwabcinta daga shagonsa na gyaran ordinatar, wato kwamfuta, an kayar da shi cikin yashi, maza biyar sun kewaye shi.

"Alhaji Abarci! Don girman Allah, mi ya yi?"

Abarci dillalin shanu ne. Kwana huɗu ke nan da 'yan bindiga suka tare garkensa a hanyar Birnin Lalle, suka harbe ƙanensa Yazidu. Ordinatar ɗin mamacin na rungume a ƙirjin Abarci.

"Tambaye shi, Madam! Maraɗi na kai ta, mai gyara ya nuna mani da idona. Duk kwana bakwai sai ta nemi wata na'ura cikin shagon ga. Mu ma duk kwana bakwai muke koro shanu kasuwa. To wa ke gaya ma ɓarayi hanyarmu?"

Furera ta san na'urar. Ordinatar ba ta yarda ta yi aiki sosai sai an tabbatar mata da izini. Manyan ma'aikatu suna da tasu na'urar mai ba da izinin. Mudathir ya samo wani tsari da waɗansu masana suka rubuta suka bar shi a buɗe ga kowa, ya ɗora shi kan wata tsohuwar ordinatar a ƙarƙashin teburinsa, tana kwaikwayon waccan. A wurinta ordinatar ɗin Yazidu take tambaya. Guda shida na lakwal ɗin su Furera ma a wurinta suke tambaya.

Ta yi magana a hankali, yadda take yi wa 'yan aji. "Alhaji, saurara mani. Izinin aiki kaɗai take nema. Ta tambaya, a ce mata i, shi ke nan. Ba ta san saniya ba, ba ta san hanya ba."

Mudathir ya ɗago kai, jini na shiga masa ido. "Baba, a kunna ta. Rubutun a buɗe yake, kowa na iya karantawa."

"Kowa? Ni zan karanta, ko Yazidu da ke cikin ƙasa?"

Wani makiyayin Abarci ya kutsa shagon ya fizgo na'urar, wayoyi na jan ƙasa. Furera ta yi ihu a bar ta, ita ce shaida, a kai wa jandarma su duba. Mutumin ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya maka wa Mudathir a ƙirji. Wani abu ya karye, kowa ya ji ƙarar. Sanduna suka sake sauka. Furera ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta, sanda ta same ta a damtse, hannun ya saki.

Ganin mace a ƙasa ya sa suka ja baya. Abarci ya dubi jinin da ya fantsamar masa a riga, ya juya, mutanensa suka bi shi.

Amalanken mai ruwa aka samu, aka sauke jarkoki, aka shimfiɗa Mudathir. Furera ta hau ta ɗora kansa a cinyarta. Mai amalanke na ta tsula wa san da ke jan amalanken bulala.

"Madam." Da kyar muryar ke fita. "Na lakwal... ko babu na'urar, izininsu zai kai wata shida. Yara za su gama jarrabawa."

"Yi shiru, ƙanena. Ga asibiti can."

Ta laƙƙana masa kalmar shahada, ya bi ta har ƙarshe. Daga nan numfashinsa ya tsaya.

Wajen tashar mota mai amalanke ya waiwayo. Ya dubi fuskar Mudathir, ya dubi Furera. Sai ya ajiye bulalar a gefensa, ya bar san ya ci gaba da tafiya a hankali.