Layin da Ba a Taɓawa

"Mi ka ce za su yi?" Malam Yusha'u ya tambaya, yana ƙoƙarin ɗaga kai daga matashi.

"Gyara, Malam," in ji Maliki. "An ɗauko injiniya daga Birnin Kebbi, wai zai share duk abin da ba shi da amfani."

Dattijon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da matarsa Fadimatu ta kawo ruwa ta koma madafa.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Yelwa, kuma kujerar da Maliki ke zama a ofishin ƙididdigar kifi ta Malam Yusha'u ce a da. Shi ya rubuta firogiram ɗin kwamfutar da ke tara yawan kifin da jiragen masunta ke saukewa, tun daga Shanga har Wara. Wata bakwai ya yi a kai, jihar Kebbi tana da shekara biyu, ana ɗauke wuta yana sake farawa. Da abu ya kankama sai aka tuna ba shi da digiri, aka sallame shi. Ko takardar godiya ba a ba bawan Allahn nan ba.

Abu ɗaya ya rage masa, layi guda a cikin firogiram ɗin, mai tauraro a farkonsa: "Yusha'u na Ngaski ya rubuta wannan. Wanda ya taɓa layin nan komai zai rushe, kuma ƙayar karfasa ta maƙale masa." Shekara takwas shugabanni uku suka zo suka wuce, ba wanda ya iya kai hannu. Fadimatu kuwa ba gidan sunan da ba ta faɗa ba cewa sunan mijinta na cikin injin gwamnati, ba mai iya cire shi.

"Matso, Maliki," in ji Malam. "Wanga layi ba ya riƙe da komi."

"Haba, Malam."

"Wallahi. Duk layin da ya fara da tauraro, inji ba ya karanta shi, tsallakewa yake. Don mutane ake rubuta shi. Masu irin aikinmu duk haka suke yi, barkwanci ne. Ni dai nawa da tsoro na haɗa." Ya numfasa. "Kar ka gaya wa Fadimatu. Ban bar mata gona ba, ban bar mata jirgi ba. Shi kaɗai take fahari da shi."

Ranar Laraba da hantsi Malam ya cika. Mutum biyu suka zo daga ofis, suka tsaya a inuwar darbejiya, kafin a gama rufe kabari sun tayar da babur.

Injiniyan ya iso ranar sadakar uku. Maliki ya tsaya a bayansa. Da aka iso layin, bai san lokacin da ya yi magana ba.

"Ranka ya daɗe, wannan ba a taɓa shi. Komai zai tsaya."

Injiniyan ya karanta, ya kwashe da dariya yana buga tebur. "Ƙayar karfasa! Wannan tsohon namu ne. Oga, a bar shi mana, ba ya hana komai."

"Ba ya hana komai?" in ji shugaban ofis. "Ke nan shekara takwas yana yi mana wasa da hankali? Kayan gwamnati ba allon yara ba ne. A cire."

Yatsa ɗaya, bugu ɗaya, injiniyan ya goge layin. Maliki ya ƙura wa allon ido yana roƙon Allah ya sa Malam ƙarya ya yi masa, injin ya tsaya ko da na minti ɗaya ne. Ina! Firinta ta kama kururuwa ta fitar da lissafin Wara tsaf, tarwaɗa, karfasa, giwan ruwa, ko kilo ɗaya bai ɓace ba. Aikin mutumin ya yi kyau har ba ya bukatarsa. Wannan ne ya fi ci wa Maliki rai.

Da la'asar ya yi sallama a ƙofar maƙwabcinsa. Masu gaisuwa sun watse. Fadimatu na tsugune a gaban murhu, a lulluɓe, ba ta ɗago ba.

"Maliki, an ce baƙon ya zo. Yaya injin Malam?"

Ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Yana aiki lafiya lau, Inna."

"Alhamdu lillahi. Ai ya gaya mani ba mai iya taɓa shi."

Ta miƙa hannu cikin kwalin da ke gefenta, ta zaro ɗaya daga cikin manyan baƙaƙen faya-fayan kwamfutar mijinta, mai rubutun hannunsa a jiki, ta ci gaba da fifita wutar da shi.