Sawun Kaza a Tasar Waliyyi

Ranar Litinin da hantsi Malam Nata'ala ya kawo tasarsa rumfar Isiyaku a Ƙofar Wambai, naɗe cikin koren mayafi. Bai yarda ya miƙa ba sai da ya tambaya ko Isiyaku yana da alwala.

Isiyaku maƙerin tagulla ne, shekara talatin yana bugun tasa da buta. Tasar nan kuwa duk unguwar Zaitawa an san ta. An ce kakan kakan Malam ya zo da ita daga Barno, shi ma wani waliyyi ne ya ba shi a hanyar Makka. Akwai rubutu zagaye da bakinta daga ciki. Mai naƙuda, mai farfaɗiya, wanda kunama ta harba, sai a zuba ruwa a goga rubutun da yatsa a ba shi ya sha. Yau da gobe, yatsu sun cinye shi.

"So nake ka bi shi ka ƙara masa zurfi," in ji Malam. "Kada ka ƙara, kada ka rage. Yayarka Jummai ce ta ce duk kasuwar nan babu hannu irin naka."

Jummai ita ta goyi Isiyaku bayan rasuwar uwarsu. Wata huɗu ke nan da likita ya ce ƙullutun da ke nononta ciwon daji ne, a cire tun bai bazu ba. Sau biyu ana sa mata rana tana ƙin zuwa. Ta ukun ita ce Alhamis ɗin nan, kuma likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye, in aka ƙara jinkiri wuƙa ba za ta yi amfani ba. Ita kuwa kullum da safe tana gidan Malam, ruwan tasa ya ishe ta.

Isiyaku ya matsa lemun tsami, ya barbaɗa toka, ya dirje. Da tagullar ta yi haske ya karkata ta wajen rana. Karatunsa bai wuce izu biyu ba, amma aikin ƙusa da guduma ya san shi. Wannan ba rubutu ba ne. Ado ne da maƙera ke kira sawun kaza, layi uku da ɗigo, wanda a da ake yi wa tasoshin amare. Kuma duk layukan sun kwanta ta hagu. Maƙeri ɗaya ya sani mai wannan bugun, kakansa Salisu, wanda bahago ne.

"Allah gafarta Malam, babu harafi ko ɗaya a nan. Aikin kakana ne. Tasar nan ba ta taɓa wuce Wudil ba, balle Makka."

Malam ya yi salati da ƙarfi har maƙwabta suka taso. Alhaji Nazeer mai robobi ya sa tabarau ya leƙa.

"Kai Isiyaku, ga sunan Allah nan ƙiri-ƙiri! Ga alif, ga lam, ga lam."

"Layi uku ne, Alhaji. Ƙafar kaza ma yatsu uku gare ta a gaba."

"Farkon Yasin ne," in ji wani mai sayar da tabarmi. "Irin rubutun mutanen da, ba kowa ke iya karanta shi ba."

"To ku shirya tsakaninku mana, Yasin ce ko sunan Allah?" in ji Isiyaku.

Babu wanda ya yi dariya. Malam ya naɗe tasarsa, ya ce idon da ba ya kai sahun farko a asuba ba zai ga hasken harafi ba, kuma gidan da aka kira ayar Allah sawun kaza ya gama shan ruwan nan.

Isiyaku bai ji zafi ba, har wani sanyi ya ji a ransa. Tunda an rufe mata wannan ƙofar, dole ta bi ta asibiti. Bayan la'asar ya nufi gidan Jummai a Mandawari. Ya samu Jummai zaune a bakin ɗaki, ta rame, hannu ɗaya tallafe da ƙirji. Labari ya riga shi zuwa.

"Yaya, wallahi hannun Kaka ne. In ƙarya nake..."

"Rufe mini baki, uban sani. Ni za ka nuna wa hannun Kaka? Ina riƙe masa tasa yana bugu tun kana tsumman goyo. Ranar farko da na sha na gane shi."

"Kin sani? Kin sani kika ƙi asibiti?"

"Ƙawata Ladi ta je. An yanke mata ɗaya, aka koma aka yanke ɗayan, aka dawo da ita a makara. Ni na yi mata wanka, na ga abin da suka bari. Ba zan je gaban Ubangijina haka ba." Ta numfasa. "In na sha ruwan nan da bisimilla ina samun barci. Shi kaɗai ya rage mini, kai kuma ka je tsakiyar kasuwa ka zubar."

Ya roƙa, ya yi faɗa, ya kira 'ya'yanta a waya. Ranar Laraba ya dawo da mai adaidaita har ƙofar gida, ta ƙi ko ɗaga kai. Kwana biyu ba ta runtsa ba, ana jin nishinta daga zaure.

Ranar Alhamis da ƙarfe takwas, daidai lokacin da likita ya rubuta a kati, Isiyaku yana durƙushe a zauren Malam Nata'ala, gaban mutum shida. Ya ce shaiɗan ne ya rufe masa ido, yanzu ya ga rubutun sarai. Malam ya ce ya yafe, Jummai ta zo gobe. Aka miƙo masa tasar, ya yi bisimilla, ya ɗora ƙusa a kan layin farko ya fara bugu.