Kwallin Iya 'Yar'azumi

Ni na koya wa Zaituna lissafi tun muna sakandare a Haɗeja, wallahi ni. Tare muka karanta fiziks a jami'a. Amma da aka tashi zaɓar wadda za ta je Jamus yin bincike, ita aka ɗauka, ni kuma ina nan ina shaƙar alli a aji.

Aikinta a kan wani dutse ne baƙi mai ƙyalli da take haɗawa a ɗakin gwaji, falle a kan falle kamar albasa. Maganaɗisun kowane falle yana fuskantar kishiyar na kusa da shi, shi ya sa ko allura ba ya ja. Sai an kai shi can an sanyaya shi sosai, a sa masa wutar lantarki a ga yadda take ratsa shi. Wata takwas ake yi kafin a samu ɗan gutsure mai kyau.

Da ruwa ya fara shiga gidansu a Guri, kafin tafiyarta, ta kawo mini ajiyar wata 'yar kwalba da gutsuren dutsen nan a ciki.

"Ummussalma, don Allah ko murfin kada a buɗe. Jibi zan dawo, akwai magana."

Akwai magana! Ta zo ta ƙara ba ni labarin jirgi ke nan. Na dangwarar da kwalbar a kan madubi, ban ko sa ta a akwati ba.

Washegari da hantsi ina shanya sai na hango kakarmu, Iya 'Yar'azumi, zaune a tabarma da ɗan dutsen niƙanta. Ta zazzage kwalbar a kai.

"Kai, wannan kwalli da kyau yake! Na Makka ne?"

Taku biyar ne tsakaninmu. Na ga ta ɗaga dutsen niƙan. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, daɗi na ji har cikin raina. Na juya na ci gaba da matse zane ina jin ƙaras-ƙaras a bayana. Sai da ta dangwalo za ta kai ido na yi ihu na riƙe mata hannu.

Da Zaituna ta dawo na nuna mata garin a takarda, na ɗora wa tsohuwa laifi. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta yi faɗa ba. Ni da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

"Nawa yana makaranta," ta ce a hankali. "Wannan naki ne. Mutanen Jamus sun ce za su karɓi mutum na biyu in yana da nasa samfurin. Tun bara nake haɗa miki, na ce sai ya yi kyau zan faɗa."



"Ranar Litinin za su rufe karɓa," ta ce, ta naɗe takardar ta miƙo mini.