Gansakukar Fiyar Baba Dung

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Baba Dung magana, abu ɗaya ya rage da ke sa idonsa haske: gansakukar da ke fitowa a ƙananan rassan bishiyar fiyar da ke tsakar gidansu a Laranto. Shekara talatin ya yi yana riƙe wa malaman jami'a jaka suna shiga daji tsinto irinta, har ya fi wasunsu saninta, ko da yake su aka sani.

Kullum da hantsi matarsa Yael takan karyo ɗan reshe, ta yayyafa ruwa, ta ɗora masa a cinya tare da gilashinsa na ƙara girma. Da can ita datti kawai take gani. Shi ya koya mata bambancewa: ga mai ruwan toka da ke manne kamar ƙanzo, ga mai ruwan ɗorawa da 'yan ƙananan kofuna, ga mai gashi buzu-buzu. Yanzu sai ya duba ya duba, ya nuna mata da yatsu iri nawa ya samu. Huɗu. Wata rana biyar, har da murmushin gefen baki. Hirarsu ke nan, kuma Yael ba ta da wata.

Ana saura kwana uku Kirsimeti ɗansu Hosana ya iso daga Abuja, da zafin nama irin na wanda ya daɗe bai leƙo gida ba. Yael ta zaunar da tsohon a baranda ya sha rana, ta tafi cefane.

Tun daga bakin layi ta hango hayaƙi. An sassare rassan an cinna musu wuta a bayan katanga. An kankare jikin bishiyar da buroshin ƙarfe, an shafe gindin da farar ƙasa, wani mutum na fesa magani.

Hosana ya tarbe ta yana gumi. "Mama, kin gani? Cuta ce ke cin itacen nan. Mun share duka, ko ɗigo babu."

Ta kasa ajiye kwandon. "Babanka fa?"

"Yana nan inda kika bar shi. Ai ya ji daɗi sosai! Tun da muka fara yake ɗaga mana hannu, bai sauke ba."

Ta duba baranda. Hannun ya faɗi a gefen kujera, wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf da hawaye. Awa uku yana kallo yana cewa a bari, da hannu ɗayan da Allah ya bar masa.

Ta ji kamar ta kwaɗa wa ɗan nan mari. Amma ga shi tsaye, hannu duk ya yi kanta, yana jiran a yaba masa.

"Sannu da aiki," ta ce.

Ta je ta juya kujerar mijinta ta fuskanci bango.