Sanƙon Ciyawar Sufeto

A duk layin, Goggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Mijinta kuwa Sufeto ne a bakin kowa, don ya yi shekara da shekaru yana zagaya makarantu, yana leƙa azuzuwa da ban-ɗaki, yana neman laifin mutane kuma ana biyansa a kan haka. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango aka tafa masa, Goggo ta yi murna ta ce yanzu sai hutu. Murnar ba ta kai ko'ina ba.

Mutumin da ya saba duba aikin wasu ba ya iya zama haka kawai, sai ya mayar da gidansa makaranta. Ya ɗaga murfin tukunya ya ce ruwa ya yi yawa. Ya shafa yatsa a saman firji ya kawo mata ƙurar har gaban ido. Ya tsaya a kanta tana kan keken ɗinki yana gaya mata layin ya karkace, ita da ta ɗinka wandon da ke jikinsa. Goggo ta ɗaga hannu ta roƙi Allah ya kawo abin da zai zaunar da bawan nan nasa wuri ɗaya.

Addu'ar ta karɓu fiye da yadda ta so. Wata safiya hawan jini ya kayar da Sufeto a ƙofar ɗaki, maƙwabcinsu Birkila ne ya ciccibe shi ya sa a mota ya kai asibiti. Ya dawo gida yana jan ƙafar hagu, da sanda a hannu. Likita ya ce maganinsa motsi ne, ya taka, ya yi aiki da hannu, in ba haka ba jikin zai kwanta gaba ɗaya. Sufeto ya ce ya ji, ya samu kujerar da ke jikin taga ya zauna, shi ke nan.

Ba ya kunna rediyo, ba ya tambayar kowa komai. Goggo ta bar ƙura a kan firji da gangan har ana iya rubutu a kai. Ta rataye labule a karkace a gaban idonsa. Ta kawo masa shayi a kofi mai tsaga. Ya sha ya ce an gode. Wannan "an gode" ɗin shi ya tsorata ta, don a duk zamansu bai taɓa karɓar abu bai sami abin faɗa ba. Ta shiga kicin ta yi kukanta, ta gane mutumin nan yana shirin tafiya ne daga zaune.

A gaban gidan akwai ɗan fili mai ciyawa, wadda mai gidan na farko ya shuka don ado. Babu wanda ya taɓa kula ta, ruwan sama ne uwarta da ubanta. A tsakiyarta Goggo ta taɓa ajiye durom na wani lokaci, da aka ɗauke sai wurin ya zama fili fetal, zagayayye kamar faifai. Wata rana tana shara ta ji muryarsa ta taga.

"Maman yara, mene ne wancan?"

"Sanƙo ne, Malam. Ciyawar ma ta yi koyi da mai gidan."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon wurin da idon nan nasa na da, irin wanda ke sa shugaban makaranta gumi. Can sai ya laluba sandarsa ya miƙe.

Daga ranar gidan ya koma ofishin binciken ƙasa. Ya aika aka sayo masa kayan gwaji a shagon kayan lambu, wani ɗan akwati mai ƙananan kwalabe da kati mai launi-launi. Ya ce ba a ba ƙasa taki sai an san abin da ke damunta, masu zuba taki da ka su ne suka lalata duniya. Da cokalin Goggo na baƙi ya haƙa, nan kaɗan can kaɗan, zurfin ɗan yatsa, ya gauraya, ya shanya a kan jarida a teburin cin abinci. Ranar a cinya suka ci abinci. Da ƙasar ta bushe ya tsince tsakuwa, ya zuba a kwalba, ya ɗiga ruwan gwajin, ya girgiza, ya ɗaga sama yana gwada launin da na kati kamar mai zaɓen atamfa.

"Tsami ya yi mata yawa, kuma yunwa take ji," in ji shi.

"Allah sarki," in ji Goggo. "A dafa mata wani abu?"

Ya harare ta. Harara ce ta gaske, da ranta, Goggo ta ji daɗinta har cikin ƙashi.

Ya barbaɗa garin rage tsami, ya jira. Ya sassauta ƙasar da manjagara, hannu ɗaya a kan sanda. Ya auna taki da gwangwani, don ya ce in ya yi yawa ƙone saiwa yake yi. Ya yafa iri, ya rufe da ƙasa sama-sama, ya ɗora katako ya taka don irin ya kama. Ya kafa turaku ya zagaye wurin da zaren ɗinkin Goggo, ba tare da ya tambaya ba. Safe da yamma yana yayyafa ruwa a hankali kada iri ya gudu, tsakani kuma yana faɗa da tsuntsaye.

Birkila, wanda ya shafe nasa tsakar gidan da siminti tun tuni, yakan jingina da katanga yana kallo.

"Sufeto, wai duk wannan wahala a kan ciyawar da ko akuya ba za a ba ba? Ka zuba mata gishiri ta mutu, in zo in shafe maka da siminti kyauta."

"Kai dai da za ka samu dama har sararin sama sai ka yi masa filasta," in ji Sufeto.

Ciyawa ta tsiro, sirara kamar gashin jariri, ta yi kauri, ta haɗe da 'yan'uwanta har ba a gane inda sanƙon yake. Sufeto ya zagaya ta, ya cire turaku, ya nannaɗe zare ya mayar wa mai shi, ya ce aiki ya kammala. Sannan ya shiga ɗaki ya zauna a kujerar jikin taga.

Goggo ta ba shi kwana biyu ko hutu ne. Ba hutu ba ne. Idon ya sake mutuwa, sandar ta koma bayan ƙofa. Da ta kawo shayi ya ce an gode, sai ta ajiye faranti ta wuce kicin kai tsaye. Ita ba ta san komai a kan ƙasa ba, amma kunnenta ya riƙe maganar Birkila. Ta tafasa ruwa a buta, ta juye masa gishiri, ta jira har barcin rana ya ɗauke maigidan. Ta fita ta tsiyaya a kan ciyawar da ya yi rainonta da hannunsa, tana neman gafarar Allah tana kuma gyara da'irar don ta fito da kyau.

Kafin mako ya zagayo wurin ya yi ja, ya bushe. Sufeto ya gani ta taga, ya miƙe har yana mance sanda.

Haka aka shiga. Shi ya gwada ƙasa, ya sa taki, ya yafa iri, ita ta jira ciyawa ta kusa haɗewa ta fito da buta. Ta ƙware har ta fara sauya wuri, yau kusa da famfo, gobe can jikin ƙofa inda zai fi yin tafiya. Mai kanti ya tambaye ta ko gidan abinci ta buɗe, wannan gishiri haka. Kwalaben gwaji ba su da bakin faɗin gishiri, tsami da taki kawai suka sani, don haka Sufeto ya zargi tsutsa, ya zargi iri, ya zargi kyanwar layin. Da ƙafarsa ya riƙa zuwa shagon kayan lambu yana yi wa mai shagon bita a kan sana'arsa. Ya dawo da cin abinci, ya dawo da ƙorafi. Ranar da ya ɗaga murfin tukunya ya ce mai ya yi yawa, Goggo ta juya baya don kada ya ga fuskarta.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne mijinta ba ya barin laifi ba mai shi. Wata rana da hantsi ta hango shi durƙushe a kan sabon sanƙo, yana kallon wani farin ɓawo da rana ta fito da shi a saman ƙasa. Ya kankara da farce, ya shinshina. Sannan dattijo mai jikoki, wanda ke sa a wanke masa lemo kafin a ɓare, ya kai ƙasa bakinsa ya lasa.

Ya shigo yana tofar da yawu, ya wuce ɗaki, ya fito sanye da tsohuwar kwat ɗinsa ta aiki, wadda yake sawa in zai je korar wani.

"Ina zuwa haka, Malam?"

"Gidan Birkila. Gishiri ne. Da bakinsa ya faɗa, ke ma kina wurin. Yau zai san wanda ya taɓa, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka gidan nan ba."

Birkila ne ya ɗauki mutumin nan a kafaɗa ranar da ya faɗi, shi ya kwana a bencin asibiti. Goggo ta sha gabansa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ba shi ba ne."

"Kin san wanda ya yi ke nan."

"Ni ce. Da butar shayinka."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. "Ke? Me ciyawar ta yi miki?"

"Ba abin da ta yi mini. In ta warke kai kake kwantawa. Na gwammace in kashe ciyawar duniya duka da in zauna ina kallonka kana mutuwa a kujerar can kana ce mini an gode."

Ta zaci zai yi faɗa, ta ma shirya masa, don faɗan nasa take so. Bai yi ba. Ya cire kwat a hankali ya rataye, ya je ya zauna a kujerar. Da yamma bai fita ba da ruwa ba. Washegari ma haka, irin da ya yafa ya bushe a ƙasa tsuntsaye suka yi biki. Ta kai abinci ya taɓa kaɗan ya ture. Goggo ta zauna a gaban keke ba ta ɗinka komai ba, tana jin ta yi wa mijinta abin da ciwo bai yi masa ba, ta mayar da shi abin wasa a gidansa. Yanzu ko ta ƙone filin duka ba zai tashi ba.

Safiya ta gaba tana wanke-wanke ta ji ƙarar ƙarfe a ƙasa, tim, tim. Ta fito da kumfa a hannu. Sufeto ne da shebur ɗin Birkila, ya faro daga jikin katanga, inda gishiri bai taɓa zuwa ba, yana ɗaga lafiyayyar ciyawa kore shar yana kifewa. Birkila na tsaye da baro yana kallonsa kamar mai kallon wanda ya zare.

"Malam, lafiya? Nan ai ba abin da ya same shi."

"Ke kika san ƙasa ko ni?" Bai ɗago ba. "Gishiri tafiya yake yi ta ƙarƙashi. Duk filin nan sai an kwashe shi, a wanke, a kawo sabuwar ƙasa, a gwada, a shuka daga farko. In na gama nan akwai bayan gida, shi ko ciyawar ma babu."

"Wannan ai aikin shekara ne," in ji Birkila.

"Biyu," in ji Sufeto. "Ni ba na aikin gaggawa irin na 'yan siminti."

Ya tsaya ya share gumi da bayan hannun hagu, hannun da likita ya ce sai an yi da gaske. Sai a lokacin ya dubi matarsa, idonsa ya ɗan yi ja, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda maƙwabci ba zai ji ba.

"Ki bar gishirinki a kicin, Maman yara. Na ji abin da kika ce. Ba sai kin ƙara ɗaukar zunubi saboda ni ba."

Goggo ta goge hannu a zani. Ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta nuna ramin da ya haƙa.

"Layin naka ya karkace," ta ce.

Sufeto ya ja da baya ya duba. Ya karkace ɗin kuwa. Ya yi tsaki, ya gyara riƙon shebur, ya koma farkon layin.