Gonar da Ba Mu Bar Kala Ba

Mu matan da ke tsinkar gyaɗa a ƙauyenmu, nan gefen Tsanyawa, zawarawa ne da dattijai, kuma muna da wata al'ada da ba a faɗa da baki. In maza sun tuge gyaɗa muka zo tsinka, wadda ta maƙale a ƙasa ba ma bin ta. Wani lokacin ma da gangan za ki tura ƙasa da ƙafa ki rufe 'yan ƙwayoyi. Wannan rabon masu kala ne, matan da ƙarfinsu ya ƙare, su biyo bayanmu su tona. Masu gona sun sani, kau da kai suke yi.

To bana sai ga wani Alhaji Abdulkabir daga Rijiyar Zaki ya sayi babbar gonar bakin hanya. Mutumin kasuwa ne, bai san dawan garin ba. Ya kira Hure, ita ce mai tara mu in aiki ya samu, ya ce ya ji matan ƙauye akwai ɓarna. In muka kwashe masa tas, aikin tumatirinsa na bakin dam ɗin Watari namu ne har ƙarshen rani.

Hure ta zo mana da maganar. Ni Zulfa, da ake cewa bakina ba ya shiru, ranar ni ma amincewa na yi. Aikin rani fa! Wa zai ƙi? Kowacce ta sunkuyar da kai, kuma wallahi na san duk mutum ɗaya muke tunawa, Aina'u.

Aina'u ƙawar Hure ce tun suna 'yan mata, ita ce ma ta fara shigar da Hure aikin nan lokacin da mijin Huren ya rasu. Yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da Aina'u, ga jikoki marayu a gabanta. Da kalar kaka take yin ƙuli-ƙulin da suke ci har damina, kuma wannan gonar ce kaɗai ƙafarta ke iya kai ta.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Muka bi gonar kunya-kunya da 'yan fartanyu muna tona, muna tankaɗe ƙasa da yatsu kamar masu neman ɗan kunne. Hure na bayanmu tana dubawa. Na yi ta tsine mata a zuci, amma hannuna ya fi na kowa sauri, abin da ke ci min rai ke nan.

Washegari muna ƙarƙashin ɗorawa muna ɗura buhuna sai ga Aina'u da ƙwaryarta, tana jan ƙafa. Ta ɗago mana hannu tana dariya, ta durƙusa a kunyar farko. Ba wadda ta iya tashi ta gaya mata. Muna kallo ta gama wannan kunya ta rarrafa waccan, rana na dukanta, har aka yi kiran azahar.

Sannan ta taho inuwa ta zauna, ta sha ruwanmu. Na leƙa ƙwaryar, abin da ke ciki bai cika tafin hannu ba. Kunya ta kama ni, ji nake kamar ƙasa ta tsage.

Hure ta yi wuf ta cusa kwano a buhu za ta juye mata. Aina'u ta rufe bakin ƙwaryar da hannu, ta ce wannan ta mai gona ce, ita kala ta zo.

Da zagi ta yi mana da sai mu ji sanyi. Ina! Sai ta dubi gonar, ta gyaɗa kai, ta ce duk shekarun da ta yi a wannan aiki ba ta taɓa ganin an kwashe gona haka ba, Allah ya yi wa hannuwanmu albarka. Hure ta buɗe baki, ta kawo zancen Alhaji da tumatir, maganar ta sarƙe mata.

Aina'u ta dafa sandarta ta miƙe da ƙyar.

"Ƙawata," ta ce, "gobe wace gona za ku?"

Hure ta ce ta Malam Nababa.

"To madalla. Da ma zan roƙi jikan maƙwabta ya kai ni can a keke. Gara da na tambaya, kar in wahalar da yaron mutane a banza."